Filin Gyaran Gida: Murhun gas ya ƙi kamawa, shofo ya yi shiru

Tun da ɗari ya shigo, saƙonnin da ke iso mana daga Yamai da Tahoua kusan duk a kan abu ɗaya suke: an murɗa makunni, wuta ba ta zo ba. Mun zaɓi guda shida. Kafin a taɓa komai a cikin abin da za mu faɗa, a fara shinshina ɗakin. In akwai warin gas, a bar gyara, a bi matakan da ke cikin amsa ta farko.

Tambaya: Assalamu alaikum. Murhuna mai kai huɗu ne, shekararsa uku. Gas ya ƙare, yaro ya sauyo butali mai kilo 12 da rabi, muka ɗaura, amma ko kai ɗaya bai kama ba, ko da ashana. Maƙwabciyata ta ce murhun ne ya mutu. In sayi sabo?
Wata uwargida, Bukoki, Yamai

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Kada ki sayi komai tukuna. Kai huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya. Tun da duka suka ƙi a lokaci guda, kuma a ranar da aka sauya butali, to gas ne bai iso ba. Tsakanin butali da bayan murhu abu huɗu ne kawai: butalin, robinensa da ake murɗawa a buɗe ko a rufe gas, detandar da ke rage ƙarfin gas, sai tiyo. Ki bi su a jere, kada ki tsallake.

Fara da butali. A jikin mariƙinsa ko wuyansa an buga nauyinsa lokacin da babu komai a ciki. Ki ɗora shi a ma'auni, ki cire wancan nauyi daga abin da ma'aunin ya nuna, abin da ya rage shi ne gas ɗin. In babu ma'auni, ki kwarara ruwa mai ɗumi a gefen butalin daga sama zuwa ƙasa, ki jira kamar sakan 10, ki shafa da tafin hannu. Inda ƙarfen ya yi sanyi, nan ruwan gas ya kai. Inda ya riƙe ɗumi, babu komai a wurin.

In akwai gas, sai ki dubi detandar, domin mafi yawan lokuta a nan maganar take ƙarewa. Detandar mai kyau yana da abin tsaro a ciki wanda ke datse gas da kansa idan ya ji ya kwararo da ƙarfi fiye da kima, ko idan butali ya ƙare. Yakan datse kuma idan an buɗe robine da sauri alhali an bar makunnin wani kai a buɗe tun lokacin da tsohon gas ya ƙare, kuma hakan na faruwa a gidaje da yawa, don wuta ta mutu da kanta ba wanda ya tuna ya rufe. Ga yadda ake tada shi. Ki rufe makunnan murhu duka har da na fur, wato ɗakin gashi na murhun. Ki rufe robinen butali, ki jira minti ɗaya. Ki buɗe shi sannu a hankali. In detandar ɗinki yana da maɓalli a gefe ko a sama, ki danna ki riƙe sakan 3 zuwa 5, za ki ji ɗan huci kaɗan ya wuce ya tsaya. Sannan ki ƙyasta ashana ki buɗe ƙaramin kai. Ba lallai ya kama nan take ba, saboda iska ta shiga tiyo lokacin sauyi, sai gas ya tura ta ta fita. Ki gwada sakan 10, ki rufe, ki bari ɗakin ya sha iska, ki sake.

In har yanzu shiru, ki rufe robine ki kwance detandar ki duba bakinsa. Butali mai robine zarensa na hagu ne: ɓangaren da ake murɗa murfin kwalba don rufewa, nan ne shi yake kwancewa. Mutane da yawa sun cinye zare saboda rashin sanin wannan. A cikin bakin akwai zoben roba baƙi. In ya murɗe ya toshe ramin, ko wani ɓallin ledar hatimin butali ya maƙale a ciki, gas ba zai wuce ba. In zoben ya tsage ko ya bushe, a sa sabo. Kada a naɗa leda ko zare a madadinsa. Detandar irin na dannawa kuwa, sai kin ji ya yi ƙas ya zauna kafin ki juya hannunsa. In kin ja shi sama ya fito, bai zauna ba.

Ki karanta rubutun da ke bayan detandar. Na murhun gida 28 ne zuwa 30 milibar, wato ma'aunin matsin gas. Akwai wani mai dunƙulen murɗawa a sama wanda ake sayarwa don manyan kawunan dafa abincin biki, shi ƙarfinsa ya ninka wannan sau da yawa. In aka ɗaura shi a murhun gida, gas yakan fito da huci har ya hure ashana, ko wutar ta tashi sama da kan ta mutu, kuma yana lalata makunnai. Kada yaro ya sayo miki shi don an ce ya fi wuta.

Saura tiyo. Ki jawo murhu gaba ki bi shi da hannu. Sau da yawa wajen mayar da butali mazauninsa tiyo yake lanƙwashewa, ko gindin butali ya danne shi. Ki duba cizon ɓera, da tsagewa a bakin inda aka ɗaure. A jikin tiyon gas na gaske akwai shekarar da wa'adinsa zai ƙare. Na roba zalla shekara 5 yake yi, kuma a zafin Yamai bai kamata a jira ya cika ba in ya fara tauri. Tsawonsa kada ya wuce mita 2, kada ya bi ta bayan fur inda zafi ke dukansa, kuma a ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe mai kusa, ba da waya ko robar taya ba. Tiyon ban ruwa ba tiyon gas ba ne ko da ya shiga daidai.

Wasu murhunan masu murfin gilashi suna datse gas in murfin bai miƙe sosai ba, ki duba wannan ma.

Duk lokacin da kika kwance kika ɗaura, ki kaɗa omo da ruwa ya yi kumfa, ki shafa a bakin robine, da detandar, da bakin tiyo biyu. Kumfar da ke kumbura tana girma, yoyo ne. Ba a gwada yoyo da ashana. In kuwa kika shiga ɗakin girki kika ji wari ya cika shi, ki rufe robine, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki kunna fitila ko fanka kuma kada ki kashe wadda ke kunne, domin tartsatsin cikin makunnin lantarki ya isa. Gas ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, ƙasa yake kwanciya ya bi kwata da rami, kuma kashi 2 cikin 100 kawai a iskar ɗaki ya isa ya kama. In robinen kansa ne ke yoyo ya ƙi tsayawa, a fitar da butalin tsakar gida a tsaye, nesa da murhun gawayi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 daga waje.

Tambaya: Babban kan murhuna ne kaɗai ya ƙi. Ina jin ƙas-ƙas ɗin tartsatsi amma ba ya kamawa. Tun ranar da kunu ya tafaso ya zube a kai ya fara. Sauran ukun lafiya lau.
Wata amarya, Talaje, Yamai

Amsa: Amarya, wannan gyaran minti 20 ne, kuma da hannunki za ki yi. Gwada shi da ashana tukuna. In ya kama da ashana, gas yana zuwa, tartsatsin ne ba ya kaiwa inda ya kamata. In bai kama ba ko ya kama da ƴar wuta kamar ta kyandir, ramin gas ne ya toshe.

Ki rufe robine, ki cire murhun daga lantarki, ki bari ya huce. Ɗaga baƙin murfin kan, ɗaga kambun da ke ƙarƙashinsa mai ƙananan tsagogi a kewaye. A tsakiyar kwanon da ya rage za ki ga ƴar kusa ta tagulla mai rami ƙarami a tsakiya. Ita ce jiklar, ta nan duk gas ɗin kan yake fita, kuma ramin babban kai bai kai milimita ɗaya ba. Ɗigon kunu ɗaya in ya bushe a kai ya toshe shi. Ki jiƙa shi da ɗigon ruwan zafi, ki zare sili ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi ki sa a ramin a hankali, ki juya, ki fitar. Kada ki sa allura ko ƙusa. Tagulla tana da laushi, in ramin ya faɗaɗa ko kaɗan wutar za ta koma ja tana baƙanta tukunya har abada. Kada kuma ki sa tsinken sakace, yakan karye a ciki. In ya ƙi fita, ana kwance jiklar da kile mai lamba 7, a jiƙa ta a ruwan zafi da omo, a hura ta, a mayar ba tare da an matse ta da ƙarfi ba.

Kambun da murfin ki wanke su da tsohon buroshin haƙori, ki bi tsagogin ɗaya ɗaya, musamman wanda ke fuskantar buji, wato farin sandan tangaran da tartsatsi ke fita daga kansa. Sai sun bushe ƙarau a rana kafin ki mayar. Ki goge bujin da busasshen tsumma. Ruwa ko maiƙo a jikinsa yakan sa tartsatsi ya zille ta gefe. In tangaran ɗin ya tsage, sai an sauya shi. Tazarar kan buji da ƙarfen kambu milimita 3 ne zuwa 4. Wajen mayarwa ki tabbata kambun ya faɗa gurbinsa bai karkace ba, don karkacewar da ido ba ya ma gani tana hana kamawa.

Ga masu murhun da ba ya ƙas-ƙas ko kaɗan: in na lantarki ne, a duba ko an ɗauke wuta ko fulogi ya zare; in na batir ne, akwai ɗan batir mai volt 1.5 a ƙasa ko a baya. Kafin a gyara, ashana na aiki. A ƙyasta ta tukuna, sannan a buɗe gas.

Tambaya: Ina gasa kek da biskit na sayarwa. Fur ɗina yana kamawa in na danna makunni, amma da na saki hannu sai ya mutu. Wani ya ce in sa tsinke in tokare makunnin ya zauna a danne.
Mai kek, Lazare, Yamai

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki tokare shi. Abin da ke kashe wutar shi ne abin da aka sa don ya tsare ki. A gefen wutar fur akwai ɗan sandan ƙarfe mai kaurin tsinken ashana biyu, da siririyar wayar jan ƙarfe da ta tafi har bayan makunni. Sunansa tarmokupul. In wuta ta gasa kansa yana samar da ɗan lantarki, milivolt 20 zuwa 30, wanda ke riƙe wani ƙaramin maganaɗisu a cikin makunni ya bar gas ya wuce. In wuta ta mutu, sandan ya huce, maganaɗisu ya saki, gas ya tsaya. In kika tokare makunnin kuma iska ta kashe wutar, fur zai cika da gas a rufe, sai ranar da aka kawo ashana.

Abin yi guda huɗu ne, daga mai sauƙi. Ki danna makunnin har ƙarshe ki riƙe sakan 15 bayan wutar ta kama. Wani lokaci robar makunnin ce ta zurma tana taɓa bangon murhu kafin dannawar ta kai, ki zare ta ki danna sandan ƙarfen kai tsaye ki gani. Na biyu, ki ɗaga farantin ƙasan fur ki duba ko kan tarmokupul yana cikin harshen wuta. Tire ko tsumman shara yakan ture shi gefe. Na uku, in ya yi baƙi da maiƙo da toka, ki goge shi da soson ƙarfe mai laushi. Na huɗu aikin mai gyara ne: goron da ya ɗaure wayar a bayan makunni yakan saki, a ɗaure shi da hannu a ƙara kwatan juyi da kile. In duk an yi bai riƙe ba, a auna shi da mitar awon lantarki. In lantarkin ya yi ƙasa sosai a sauya shi, a tafi da tsohon kasuwa don a samo mai tsawo da baki iri ɗaya. In sabo ma bai riƙe ba, maganaɗisun ne ya ƙone.

In wutar fur ɗin ta zama ja ko tana kamawa gefe ɗaya kawai, a leƙa bututun da ke kai gas da iska cikin kan. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a nan, gizo-gizo ma haka, musamman fur ɗin da ya yi wata biyu ba a kunna ba. Kuma duk lokacin da kika gwada sakan 15 bai kama ba, ki saki, ki buɗe ƙofar fur minti ɗaya cur kafin ki sake.

Tambaya: Ni mai shayi ne. Ƙaramin butali mai kilo 6 nake aiki da shi, mai kan da ake murzawa a sama. Da asuba a wannan sanyi wutar ba ta da ƙarfi, wani lokaci ta mutu, butalin ya yi ta zufa, alhali in na girgiza ina jin gas. Da rana kuma lafiya. Abokan sana'a suna kwantar da nasu ko su kara shi kusa da gawayi.
Mai shayi, Tahoua

Amsa: Malam, butalinka lafiyarsa ƙalau, sanyi ne. Abin da ke ciki ruwan gas ne, sai ya tafasa ya zama iska kafin ya fito, kuma zafin da yake tafasa da shi daga jikin ƙarfen butali yake jawo shi. Butan, wato irin gas ɗin da ke cikin butali, yana daina tafasa a wajen digiri 0. Asubar Tahoua a Disamba da Janairu takan sauka wajen digiri 15, ba ta kai can ba, amma kai da ka buɗe wuta har ƙarshe kana jan gas da sauri, sai ruwan ciki ya yi ta sanyaya kansa har ya kusa kaiwa. Zufar da kake gani raɓa ce ta kwanta a kan ƙarfe mai sanyi, kuma daidai inda ta tsaya nan gas ɗinka ya kai. Abin ya fi tsanani in butali ya kusa ƙarewa, don ruwan ya ragu, ƙarfen da yake taɓawa ya ragu. In gas ɗin gauraye ne da wani irin gas mai suna propan, shi propan ɗin ke fara fita, a bar butan a ƙasa.

Kwantar da butali haɗari ne babba. Ruwan gas ne zai fito maimakon iskarsa, kuma lita ɗaya ta ruwan tana zama fiye da lita 200 ta iska. Wutar takan yi tsalle ta kai fuskar mutum. Kara shi a gawayi ko zuba masa tafasasshen ruwa kuwa yana ɗaga matsin ciki, ga kuma wuta a kusa da zoben roba. Kada ka yi ko ɗaya.

Ka ɗaga shi daga kan siminti ko ƙasa mai sanyi ka ɗora a katako, ka kare shi daga iskar gabas. Ka fara aikin asuba da cikakken butali, ka bar wanda ya yi rabi sai hantsi. In ya fara zufa, ka tsayar da shi a cikin daro mai ruwan da hannu ba ya jin zafinsa, ruwan ya kai kamar rabin jikinsa, ka goge gindin bayan an tashi don tsatsa. Ka rage wutar kaɗan da zarar ruwa ya tafasa. In ciniki ya yi yawa har kana dafa ruwa ba tsayawa, butali mai kilo 12 da rabi da detandar da tiyo ya fi dacewa da kai. Babban kai a buɗe har ƙarshe yana cin wajen giram 200 a awa, ka ga kilo 6 bai fi aikin awa 30 ba.

Shi kan da ake murzawa, ka duba zoben robar da ke gindinsa duk lokacin sauyi, ka murza shi makunninsa a rufe, a waje, nesa da wuta. In ka murza har ƙarshe gas bai fito ba, tsinken gindinsa ne ya gajarce ba ya danna bakin butali. Sabon kai ake saye, ba a cusa ƙusa.

Tambaya: Na sa shofo na gas, wato na'urar ɗumama ruwan wanka, a gida bara don iyayena tsofaffi. Bana da sanyi ya zo mun buɗe famfon ruwan zafi, shiru, ko ƙara ba ya yi. Tankinmu yana kan rufin ɗaki. Mai gyara ya ce sai an sauya na'urar duka.
Wani magidanci, Sabon Gari, Tahoua

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alherin kula da iyaye. Shofon da ya yi shekara ɗaya da wuya a ce ya mutu. Shi ba ya kamawa sai ruwa ya gudana ta cikinsa da ƙarfin da zai tura wani faifan roba. Faifan ya tura sanda, sandan ya danna ɗan makunnin lantarki, sannan batir ya ba da tartsatsi ya buɗe ƙofar gas. Ku saurari abin da yake yi in an buɗe famfo, shi zai nuna inda sarƙar ta tsinke.

Naku shiru yake, ba ƙas-ƙas, saboda haka batir ne ko ruwa. A ƙasan shofo akwai akwatin manyan batura biyu masu volt 1.5. Wanda ya kwana tun bara cikin zafin Afrilu da Mayu ya mutu, wataƙila ma ya zubar da ruwansa ya ci ƙarfen akwatin. Ku sa sababbi masu ƙarfi guda biyu, ku kankare koren tsatsa, ku lura da kan da ke sama da na ƙasa. Wannan kaɗai yana tada fiye da yadda ake zato.

In an sa batir shiru, ruwa ne. Yawancin ƙananan shofo suna son matsin da ya kai wajen 0.3 bar da gudun ruwa kamar lita 3 a minti. Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da bar 1. Ke nan sai saman ruwan tanki ya ɗara kan shawa da mita 3 ko fiye. Tankin da ke zaune kai tsaye a kan rufi sau da yawa mita ɗaya da rabi ne kawai tsakaninsa da shawa, shi ya sa yakan kama in tanki ya cika, ya ƙi in ya yi rabi. Ku gwada da bokiti: ku buɗe ruwan zafi kaɗai, ku ga lita nawa ke zuba a minti ɗaya. In bai kai 3 ba, ku kwance kan shawa ku sake gwadawa da tiyo tsirara. In ya kama a haka, kan shawa ne ya toshe da yashi da farin dutsen ruwa, a jiƙa shi a binegar ya kwana. A mashigar ruwan sanyi ta shofo ma akwai ƴar rariya, a rufe ruwa a kwance a wanke ta. Makunnin ruwa da ke gaban shofo a juya shi ɓangaren da ruwa ke raguwa zafi ke ƙaruwa, a nan ya fi saurin kamawa da ƙaramin matsi. In duk da haka ruwan bai isa ba, ko a ɗaga tanki a kan ƙafafun ƙarfe, ko a sa ƙaramin famfon ƙara matsi kafin shofo.

In batir sabo ne, ruwa kuma da ƙarfi, to faifan roba ne ya bushe ya tsage saboda zaman wata takwas ba aiki, ko sandan ya cije, ko ɗan makunnin ya lalace. Dukansu ƙananan kaya ne da ake sauyawa ɗaya ɗaya. Ku ce wa mai gyara ya buɗe ya nuna muku wanda ya lalace.

Ga sauran alamomin, don masu irin wannan na'ura. In yana ƙas-ƙas ba ya kamawa, gas ne bai iso ba, ko iska ce a tiyo, ko batir ya yi raunin da zai ba da tartsatsi amma ba zai iya buɗe ƙofar gas ba. In ya kama ya mutu bayan ƴan sakan, sandan da ke jin wuta ya yi baƙi, a goge shi. In ya yi mintuna kafin ya mutu, ko ya yi zafi fiye da kima ne, ko hayaƙi ba ya fita, ko butali ya sanyaya. Shofo mai lita 6 yana cin kusan kilo 1 na gas a awa, mai lita 10 kilo ɗaya da rabi, don haka ƙaramin butali da ƙaramin detandar ba za su ɗauke shi ba. A duba giram nawa a awa aka rubuta a bayan detandar. Wasu kuma an yi su ne su kashe kansu bayan minti 20, sai an rufe famfo an sake buɗewa.

Abu ɗaya muke roƙo, Alhaji, tun da tsofaffi ne ke wanka: in shofon yana cikin makewayi, ku fitar da shi waje ku yi masa rumfa. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wani gas mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba shi da wari ba shi da launi. Alamarsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai mutum ya faɗi a rufaffen makewayi ba wanda ya sani. Ku leƙa bututun hayaƙinsa ko tsuntsu ko zanzaro ya yi gida. Wutarsa shuɗiya ya kamata ta kasance. In ta yi ja tana baƙanta saman na'urar, a kashe sai an gyara. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa a kwana, shi ma wannan gubar yake fitarwa.

Tambaya: Ƙanena ya kawo mini murhu sabo fil daga Aljeriya. Yana kamawa da ƙyar, in ya kama wutar ja ce doguwa, tukunya ta yi baƙi ƙirin, fur kuwa sai ya yi bum.
Wata uwargida, Bilbis, Tahoua

Amsa: Uwargida, ki daina kunna shi sai an sauya masa jiklar. A Aljeriya da Turai gidaje da yawa gas na bututu suke amfani da shi, mai matsin milibar 20, kuma murhunsu da jiklar mai faɗin rami yake fitowa. Mu a Nijar na butali muke da shi, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011, kuma shi ya fi wancan ƙarfin zafi a kowace lita, ramin da yake so ƙarami ne. In ya bi ta babban rami sai gas ya fi iska yawa, shi ne jar wuta da baƙin hayaƙi da kike gani, kuma irin wannan wuta tana fitar da gubar da muka ambata a sama.

Ki duba takardar da ke manne a bayan murhun. G20 na bututu ne, G30 butan, G31 propan. Ki duba cikin kwali ko cikin fur, yawanci akwai ƴar leda mai jiklar biyar ko shida na butali. A jikin kowace an buga lamba. A yawancin murhuna na butali, ƙaramin kai 50 ne, matsakaici wajen 65, babba wajen 85, alhali na bututu suna kaiwa 72, 97 da 115 ko fiye. Amma lambar da ke cikin littafin murhunki ita za a bi. Mai gyara zai sauya na kawuna huɗu da na fur da na gashin sama, ya zare kowane makunni ya ɗaure ƴar kusar ƙaramar wuta da ke ciki har ƙarshe, ya daidaita mashigar iskar fur har wutar ta zama shuɗiya, ya sa bakin tiyo irin na butali da sabon zoben roba, sannan ya gwada da kumfa a gabanki. In ledar ta ɓata, a cire jiklar ɗaya a tafi da ita wurin masu kayan murhu don a samo mai zare iri ɗaya. Kada ki yarda a daddale ramin tsohuwar da guduma ko a cusa mata waya don a rage shi.